Biskit, Gaya wa Mai Mota

Hector mutum ne da ko turken lantarki ba ya iya wucewa bai gaishe shi ba. A Alice Springs kowa ya san shi da wannan. In ya shiga kanti sayen sukari, sai ya ji lafiyar mai kanti da ta kakar mai kanti kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da bai taɓa ce wa ko sannu ba, wato Dulcie, uwar matarsa Marlene.

Ba faɗa suka yi ba. Doka ce, kuma ta girmi kakannin kakanninmu: namiji da uwar matarsa ba sa magana, ba sa haɗa ido, ba sa kiran sunan juna. In ta ɓullo ta wannan layi, shi sai ya tuna yana da uzuri a wancan. In ya samo jelar kangaru mai maiƙo, naman dajin da ake ji da shi a wajensu, sai ya ajiye a bakin ƙofarta, ya yi gyaran murya, ya wuce. Haka suka yi har 'ya'yansa suka girma, furfura ta fito masa. Ga mai surutu irin Hector wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma abin da ke cin ransa a ɓoye shi ne bai san yadda tsohuwar take ɗaukarsa ba. Ko mutumin kirki take ganinsa, ko wani sakarai da 'yarta ta kwaso, oho.

To, ana nan sai Dulcie ta tayar da maganar zuwa ƙasarsu. Likita ya gaya mata ganinta yana tafiya, kuma ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Can cikin hamada, a yankin da gwamnati ta mayar gandu, akwai wani kwarmin ruwa a cikin dutse, inda uwarta ta haife ta. A duk danginsu ita kaɗai ta rage da ta san hanyarsa. So take ta gan shi da sauran idon da ya rage mata, ta kuma nuna wa Marlene, don kada ya ɓace tare da ita. Ga shi ana rufe gandun da zarar Nuwamba ya ƙare saboda zafi, don a can lokacin ne bazara ke kamawa, ba a buɗewa sai iska ta yi sanyi, ita kuwa ta san idonta ba zai jira sanyi ba.

Ɗanta Cyril ne ya kamata ya tuƙa ta. Sai ga shi, da tumbinsa da sanƙonsa, ya shiga buga ƙwallo da samari ya karya ƙafa. Marlene kuwa ko a kan kwalta tuƙinta sai addu'a. Tsofaffi suka zauna suka juya maganar, ba su so ba, amma da babu gara ba daɗi. Suka yanke cewa Hector ya tuƙa, a rataya bargo tsakanin kujerun gaba da na baya, duk abin da za a faɗa kuma ya bi ta bakin Marlene.

Haka aka yi. Aka ɗaura wani bargo mai zanen damisa, Dulcie ta shige baya da karenta Biskit, wani tsohon kare mai ƙiba da kunne ɗaya a karye. Aka loda jarkokin ruwa, da garin fulawa, da ganyen shayi, da shebur, aka kama hanya.

Tun kafin su bar kwalta Hector ya gane ya shiga uku.

"Ki gaya wa mai mota ya rage gudu," in ji murya daga bayan bargo. "Ba raƙumi muke kora ba."

Marlene ta juyo ta dubi mijinta. "Inna ta ce ka rage gudu. Ta kuma ce famfon bayan gida da ka yi alkawarin gyarawa tun bara yana nan yana ɗiga."

"Ba ta ce haka ba!"

"Au? Ashe jin maganarta kake yi? Bari in gaya wa tsofaffi in mun koma."

Bargo dai ba katanga ba ne, kowa yana jin kowa sarai, amma doka ta ce bai ji ba. Marlene kuwa abin nema ya samu. Kafin su kai inda suka kwana wajen dangi, ta saka a bakin uwarta maganar famfo, da ta minsharinsa, da ta wata riga mai furanni da ta daɗe tana so ya jefar. Daga bayan bargo ana jin wani ɗan tari mai kama da dariya.

Washegari da hantsi suka isa ofishin masu kula da gandu. 'Yan yawon buɗe ido sun cika wurin, suna ta fitowa kafin a rufe, kowa ya lulluɓe fuska da raga saboda ƙuda.

"Marlene, waɗancan mutanen da suka rufe fuska fa?" in ji Dulcie. "Duk da surukansu suka zo?"

Malcolm, wani Bature da rana ta gasa har ya koma kamar kilishi, ya fito ya leƙa tagar baya. Ya daɗe yana aiki a gandun, ya san Dulcie.

"Goggo, sannu da zuwa gida. Amma gobe da yamma muke rufewa, kin sani. Ga rediyon oba-oba, in kun kafe ku kira." Sai idonsa ya faɗa kan Biskit. "Goggo, kin san fa ba a shiga da kare."

"Kakannin wannan sun riga naka zuwa nan, ɗana."

Malcolm ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce shi yau idonsa ciwo yake yi, bai ga komai ba.

Hector ya rage iskar tayoyi, ya kafa doguwar tuta a gaban mota don a hango su daga bayan tudu, suka shiga jigayi. Jan yashi ne tudu bayan tudu, tsakaninsu ciyawa mai ƙaya da 'yan itatuwa. An yi ruwa a watannin baya, saboda haka furanni sun fito rawaya da shuɗi a kwarin kowace jigawa. Wasu raƙuma suka tsaya a kan hanya suna kallonsu kamar su ne masu gandun. Dulcie ta sauke gilashi, ta shaƙi iska, ta fara waƙa ƙasa-ƙasa. Hector bai taɓa jin muryarta da daɗi haka ba, har ya rage wa injin wuta don kada ya danne ta.

Da suka bar hanyar baƙi suka shiga inda babu sawun taya, sai umarni ya fara zuwa. A yi dama. A bi gindin wannan tudu. A'a, a koma. Da farko da ƙarfi take faɗa, daga baya sai ta riƙa jinkiri. Rana ta take, sannan ta fara karkata, Hector ya lura sun sake haye sawunsu na ɗazu. Ana cikin haka, suna hawan wata jigawa, Dulcie ta ce a tsaya. Marlene tana fama da murfin kwalbar ruwa, ba ta isar da saƙon da wuri ba. Hector ya ji, amma ai bai ji ba. Ya rasa ko ya taka birki ko ya taka mai, ya taka rabin kowanne, mota ta nutse cikin yashi har ciki.

Ya fita ya yi ta haƙa, ƙuda na shiga masa hanci, gumi na zuba. Da ya samu ya fito da ita, ransa a ɓace yake.

"Aiki ɗaya aka ba ki, Marlene! Ɗaya tak! A faɗa ki faɗa. Da maganar famfo ce ai da tuni ta iso."

Marlene ta ajiye kwalbar a hankali. "To madalla. Tun jiya nake kai-kawo tsakaninku kamar ƙwallo, babu sannu babu na gode. Ni rediyo ce? Na ajiye aiki. Ku nemi wani ɗan aiken."

Ta naɗe hannu a ƙirji, ta juya fuska waje. Wanda ya san Marlene ya san in ta yi haka, ko tsawa aka yi ba za ta ce uffan ba.

Shiru ya sauka a motar, sai hakin Biskit kawai ake ji. Hector ya dubi rana. In ba su sami wurin yau ba, gobe tafiyar fita ce, shi ke nan kuma. Ga shi da baki har kunne, ga tsohuwa a bayansa da zai iya taɓawa in ya miƙa hannu, amma babu halin cewa komai.

Can sai muryar Dulcie ta fito, a sanyaye.

"Biskit."

Kare ya kaɗa jela.

"Biskit, zan gaya maka wata magana, kada ka gaya wa kowa. Hanyar tana nan a kaina, ko ɗaya ban manta ba. Amma tun safe ba na ganin komai daga nesa sai ja da shuɗi. Ƙasar nan duk ta narke mini. Da akwai mai ido a kusa, da na tambaye shi ko yana hango wata jigawa mai karyayyen baya, wadda ta lotsa a tsakiya."

Tausayi ya kama Hector. Ashe tun safe lalube take yi, kunya ta hana ta faɗa. Ya dubi Marlene, ya ga ta ciji leɓe, amma taurin kai bai bar ta ta juyo ba. Ya yi gyaran murya.

"Biskit," ya ce, yana kallon sitiyari, "kai kare ne mai hankali, bari in ba ka labari. Ni dai ina hango wata jigawa mai lotsattsen baya, can hannun hagu, wajen faɗuwar rana. Mun wuce ta ɗazu."

"Biskit, akwai itace a gindinta? Dogo, wanda aradu ta tsaga biyu?"

Hector ya hau kan rufin mota ya kare ido da hannu. Yana yaro ya yi kiwon shanu, kuma idonsa har yau bai ci amanarsa ba. Ya sauko.

"Biskit, babu itace. Amma akwai baƙin kututture mai kai biyu, wuta ta cinye saura."

"Shi ne!" in ji Dulcie, har bargo ya motsa. Sai ta gyara murya. "Biskit, shi ne. Da ni ce mai mota, da can na nufa."

Daga nan fa hira ta ɓarke. Biskit bai taɓa samun daraja irin ta ranar ba. Ana gaya masa inda yashi ya fara zama tsakuwa, ana tambayarsa ko ya ga farin fili mai gishiri a dama. Hector, da yake an ɓalle masa marfi, har ya zarce yana ba kare labarin yadda wani bijimi ya taɓa korarsa ya hau injin ban ruwa, aka ce wa kare ya gaya wa mai labarin ya dubi gabansa. Shi kuwa Biskit sai juya kai yake daga bargo zuwa gaba, yana jiran a ba shi abin da ake ta kiran sunansa dominsa.

Inda duwatsu suka fara, mota ta gaza. Suka sauka. Hector ya wuce gaba da shebur a kafaɗa, bai waiwaya ba, matan suna biye daga nesa, Marlene riƙe da hannun uwarta, har yanzu ba ta ce kanzil ba. Kare yana tsakiya yana aikinsa. Sai ga wani damo ya fito daga ƙarƙashin ciyawa. Biskit, da ko tashi daga inuwa sai an roƙe shi, ya manta da girma, ya manta da muƙami, ya bi damo da gudu ya ɓace bayan duwatsu.

Aka tsaya cirko-cirko. Hector yana ganin wasu 'yan tsuntsaye masu jan baki suna sauka a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, irin tsuntsayen da ba sa nisa da ruwa, ga magana a bakinsa tana ƙuna, babu wanda zai gaya wa. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya sauke shebur daga kafaɗa, ya kafa shi a ƙasa, ya tuɓe hula.

"Malam shebur," ya ce, "ka yi haƙuri, ban saba damunka ba."

Marlene ta yi iya ƙoƙarinta. Ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa, sannan dariya ta ƙwace mata har ta durƙusa.

"Wayyo cikina! Ku bari haka, kada ku mayar da mu abin labari a gari. Na dawo aiki. Inna, ya ce... me ma ka ce?"

"Tsuntsaye. A kan dutsen can mai faɗi."

"Ya ce tsuntsaye a kan dutsen can mai faɗi. Ban ƙara ko gishiri ba."

Dulcie ta tuɓe takalmanta ta miƙa wa 'yarta. Da tafin ƙafarta ya taɓa dutsen, sai ta saki hannun Marlene ta yi gaba ita kaɗai, kamar mai shiga ɗakinta. Hector ya tsaya daga gefe inda yashi ya ƙare, ya ba su baya. Baƙo ba ya taka irin wannan wuri sai mai wurin ya gabatar da shi, ya gaya wa ƙasa sunansa, in ba haka ba ƙasa ba ta san shi ba, kuma abin da ya same shi shi ya ja.

Yana jin su suna share yashi da hannu. Ya ji Marlene ta ce ga murfin, wani faffaɗan dutse da mutanen dauri suka rufe bakin kwarmin da shi saboda dabbobi. Ya ji suna nishi, suna ja, suna turawa. Ya ji an kawo itace an zura, itacen ya karye. Dutsen ko motsi bai yi ba.

"Inna, ba za mu iya ba," in ji Marlene. "Sai shi."

Su ukun sun san inda gizo ke saƙar. Ba zai tako ba sai ta gabatar da shi, ita kuwa ba ta da bakin kiran sunansa. Marlene ba za ta yi mata ba, don ita ma yau ta fara zuwa, baƙuwa ce. Inuwar Hector ta yi tsawo a kan yashi, ya tsaya yana kallonta, yana jin haushin ƙarfin da ke damtsensa a banza.

Sai ya ji tsohuwar ta miƙe. Ta ɗaga murya, ba irin wadda take yi wa kare magana da ita ba, wata babba, wadda duwatsu suka maido.

"Ƙasata, ni ce! Ni ce wadda aka haifa a nan, na daɗe ban zo ba, kada ki yi fushi. Ga 'yata Marlene, jininki ce, ki san ta. Bakinta ya fi ƙarfinta, amma taki ce."

Sannan ta ci gaba.

"Akwai kuma wani can tsaye a bakin yashi, ya juya baya. Ba ni da ikon faɗin sunansa, ke ma kin san doka, ke kika ba mu ita. Amma zan gaya miki ko wane ne. Shi ne mai ajiye nama a ƙofata ya yi tari ya wuce. Shi ne wanda ya riƙe 'yata bai taɓa sa ta kwana da yunwa ba. Mutum ne mai surutu kamar aku, amma tun da ya shigo gidanmu bai taɓa karya doka a kaina ba ko sau ɗaya, na kuwa san abin yana ba shi wuya. Yau shi ne idona. Ba shi da na biyu a cikin surukai. Ki san shi da wannan, ki bar shi ya tako, kada ki cuce shi."

Hector ya tsaya kamar an dasa shi. Abin da ya yi shekaru yana son sani, ga shi an faɗa da ƙarfi a gaban duwatsu da tsuntsaye, kuma ba shi aka gaya wa ba. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, hawaye suka zubo masa, ya goge da hula.

Ya tako da baya-baya, Marlene tana ce masa dama, hagu, yi hankali. Dulcie ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Ya zura shebur ƙarƙashin murfin, ya danna da dukan nauyinsa, dutse ya yi ƙara ya gusa. Wani sanyi ya taso daga ciki. Ya koma gefe ya sunkuyar da kai.

Dulcie ta durƙusa, ta kai fuskarta dab da bakin kwarmin. Ruwa ne baƙi, mai zurfi, ga sama kwance a kansa.

"Na gan shi," ta ce. "Marlene, ina ganinsa sarai. Zo ki duba. Ki dubi dutsen, ki dubi kututturen can, ki dubi jigawar. Gobe ke za ki fitar da mu, ni ba zan ce komai ba."

Suka sha. Marlene ta ɗebo a gwangwanin shayi ta kawo wa mijinta, ya sha, ta juye sauran a kansa kamar yadda ake yi wa sabon zuwa. Ya ji daɗin haka, don yanzu ba mai iya bambance ruwa da hawaye.

Ana hura wuta za a gasa burodi a toka sai ga Biskit ya dawo, harshe a waje, babu damo babu labarinsa. Ya zube a tsakaninsu. Hector yana zaune ya ba matan baya, ya miƙa hannu ya shafa karyayyen kunnen. Ya daɗe yana neman abin da zai ce, shi da magana ba ta taɓa yi wa wuya ba.

"Biskit," ya ce a hankali, "ka gaya mata na ji."

Marlene ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta dubi ƙeyar mijinta, ta fasa.

Tsohuwar ta juya burodi a cikin toka, ta kaɗe yatsunta.

"Biskit, gaya wa mai mota ba da shi nake ba, da ƙasata nake." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka kuma gaya masa maganar famfon nan gaskiya ce."